Tsarin STP da rabon kaya tsakanin VLAN

STP (Spanning Tree Protocol) ƙa'ida ce da na'urorin suwic, wato na'urorin da ke haɗa kwamfutoci da kebul, ke bi don hana saƙo zagaye ba iyaka a shabakar Ethernet. Saƙon Ethernet ba ya ɗauke da wa'adi, saboda haka idan hanyoyi biyu suka haɗa suwic biyu, saƙon da aka watsa wa kowa sai ya yi ta kewayawa yana hayayyafa har shabakar ta tsaya cik. Masu aikin suna kiran wannan lub, kuma alamarsa ba ta ɓuya: fitilun suwic duka su kama ƙiftawa lokaci guda.

Tarihi

Radia Perlman, injiniya 'yar Amurka a kamfanin DEC, ita ta tsara dabarar wajen 1985, hukumar injiniyoyi ta IEEE kuma ta mayar da ita ma'auni mai lamba 802.1D a 1990. Kowane daƙiƙa 2 na'urorin kan aika da saƙon BPDU, wato saƙon da suke sanar da juna lambobinsu da shi, su zaɓi tushe, wato suwic mai mafi ƙanƙantar lamba, wanda hanyoyi ke rarrabuwa daga gare shi kamar rassan bishiya. Lambar fifiko ta asali 32768 ce. In aka yi kunnen doki sai adireshin MAC, wato lambar shaidar da kowace na'ura ke zuwa da ita, ya raba gardama. Shi ya sa wani tsohon suwic da aka manta a lungu kan wayi gari shi ne tushe, in ba a saita lambar da hannu ba, kuma wannan sakaci ne babba. Hanyoyin da suka yi rara ana toshe su, a ajiye don ranar da kebul ya yanke. Farfaɗowa kan ci daƙiƙa 30 zuwa 50, jinkirin da RSTP, wato STP mai sauri, ya rage ƙwarai a 2001.

Rabon kaya

Aibin bishiya guda shi ne kebul mai tsada ya zauna ba aiki. A ɗauki otal ɗin alhazai a Misfala ta Makka, mai VLAN (sashen shabaka da aka ware a cikin suwic) na intanet ɗin baƙi da wani na kyamarorin tsaro. Da tsarin PVST+ na Cisco kowane VLAN yana da bishiyarsa: a naɗa suwic na farko tushen na baƙi, na biyu tushen na kyamarori, sai kebul biyun su raba kayan, wato saƙonnin da ke wucewa, abin da ake matuƙar buƙata lokacin Hajji. Wani tsarin kuma, MSTP, ma'auni 802.1s na 2002, yana tara VLAN masu yawa a bishiya kaɗan don sauƙaƙa wa na'ura. Ana saɓani kan wanda ya fi. Inda kayan kamfanoni suka gauraya, MSTP aka fi ɗauka.

A yau

Manyan cibiyoyin bayanai da dama sun koma wasu dabaru, amma ofisoshi da otal-otal suna nan a kan STP.