Madubin Hangen Nesa na Filin Harbi: Amsoshin Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini

Tun da na ajiye kaki na dawo gida Birnin Kebbi nake taimaka wa masu koyon harbin allo, wasu da bindigar iska, wasu da baka da kibiya, wasu kuma ma'aikatan tsaro ne da ke zuwa atisaye a filin da hukuma ta ware. Duk wanda ya ga madubina a kafe gefen tabarma sai ya leƙa, in ya leƙa sai ya ce shi ma zai saya, daga nan sai kiran waya har bayan isha'i. Tambayoyin dai su ne, ba sa canzawa. Ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake kirana a kan ɗaya daga cikinsu, nan zan turo shi.

Baba, wannan ne madubin da ake ɗaura wa bindiga?

A'a. Wannan a ƙasa ake kafa shi, a kan ƙafa-uku. Aikinsa ya nuna maka inda harsashinka ya huda allo ba tare da ka taka zuwa can ba.

To a ina zan samu bindigar?

Ba a wurina ba. Mallakar bindiga a ƙasar nan sai da lasisin hukuma, kuma kai ma ka san halin da ake ciki a Kebbi da Zamfara. Kada ka sake yi mini wannan tambaya.

Me ya sa ba zan je in duba allon da idona ba?

Saboda ba kai kaɗai ne a layi ba. Babu mai ƙetare layin harbi sai mai kula da fili ya ce a sauke makamai, ya kuma tabbatar an sauke. Na sha ganin yaro ya zabura zai je ya ga harbinsa alhali na kusa da shi bai gama ba. Wannan ba ɗoki ba ne, wasa da rai ne. Dalilin madubin ke nan tun asali: ka zauna inda kake, ka ga kuskurenka, ka gyara.

Mene ne ma'anar lambobin da ke jikin kwali, kamar 20-60x60?

Na farko ninki ne: yana jawo abu kusa daga sau 20 zuwa sau 60. Na ƙarshe faɗin gilashin gaba ne, milimita 60. Shi ke nan.

Na ga wani mai ninki sama da 100, kuma ya fi araha. In ɗauka?

Kada ka ɗauka. Ninki shi ne abu mafi sauƙin rubutawa a kwali, kuma shi ne tarkon da ake kama sababbin shiga da shi. Ka raba faɗin gilashin gaba da ninki, abin da ya fito shi ne girman ɗigon hasken da ke shiga idonka. Gilashi mai milimita 60 a ninki 20 yana ba ka milimita 3, daidai da buɗewar ƙwayar ido da rana. A ninki 60 saura milimita 1, hoton ya dushe, in ka motsa kai kaɗan ya ɓace. To ina ga ninki 100? Duhu ne da rawa kawai. Araha ba ta ado.

Wanda aka sa mini kyauta a cikin kwali, wato ƙafa-ukun, ba zai yi ba?

Ba zai yi ba, kuma a nan kuka fi ba ni haushi. Mutum ya zuba duk kuɗinsa a madubi, ya ɗora shi a kan wasu siraran ƙafafu kamar na sauro, sannan ya zo yana cewa an cuce shi. Bara da hunturu wani yaro ya zo daga Jega da sabon madubi, ransa a ɓace, wai ba ya ganin komai. Na leƙa. Gilashin lafiyarsa lau, amma da iska ta kaɗa sai allon ya kama tsalle, ko yatsa ka ɗora don ka daidaita gani sai ka jira ya gama karkarwa. Na karɓi ledar fiya-wata da muka zo da ita, na rataye ta a tsakiyar ƙafafun, na sauke su ƙasa-ƙasa. Ya sake leƙawa ya ƙirga hudarsa biyar cif. Ruwan leda ne ya gyara masa, ba sabon madubi ba.

Ka ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗinka don ƙafa-uku. Na masu ɗaukar hoton biki, ko na hannu ne, yana yi, domin yawanci zaren kusar iri ɗaya ne, na kwata inci. Ka girgiza shi a shago. In ya yi ƙara ko ya lanƙwashe, ka ajiye.

Baba, kuɗina kaɗan ne. Madubi mai araha zai nuna mini hudar harsashi a mita 200 ko 300?

To, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Duk wanda ya amsa maka da "eh" ko "a'a" kai tsaye, ko dai bai taɓa kwanciya a filin harbi cikin watan Afrilu ba, ko kuwa yana da madubin da yake son sayar maka.

Fara da lissafi. Ninki 20 yana jawo allon da ke mita 100 ya zama kamar yana mita 5 a gabanka. Ninki 60 ma yana jawo mita 300 zuwa mita 5. A takarda duk ɗaya ne, kuma a nan mutane ke ruɗewa. Madubi ba allo kaɗai yake ƙara wa girma ba, har da duk abin da ke tsakaninku: ƙura, hazo, da turirin zafin da ke tashi daga ƙasa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, hantsi na yi kawalwalniya ta tashi. Ka leƙa ka ga allon yana lilo kamar takardar da ta faɗa gulbi, zobban sun narke, huda ta bayyana ta ɓace. Ka ƙara ninki, ka ƙara rawar. A irin wannan lokaci ko madubin miliyoyi ka kafa, rage shi za ka yi zuwa 25 ko 30. Da hunturu kuma hazo ne ke shafe bambanci tsakanin fari da baƙi, komai ya koma launin toka. Iskar da ta fi kyau a wurinmu ita ce ta safiyar damina bayan an kwana ana ruwa. Ranar za ka rantse an canza maka madubi.

Sai girman hudar. Ƙwayar bindigar iska milimita 4.5 ce, ƙaramin harsashin gasa 5.6, babban kuma 7.62. Sannan a ina ta faɗa? Huda a farar takarda baƙin ɗigo ce, ana ganinta. Huda a cikin baƙin tsakiya kuwa baƙi ne a kan baƙi, kuma abin takaicin shi ne gwani ne ke harbi a can. Inda rana take ma yana da tasiri. In tana bayanka tana haska allon, madalla. In tana bayan allon kuma babu katako a manne da takardar, haske na ratsowa ta hudar ka gan ta kamar tauraro. In tana gefe tana dukan gilashinka, sai ka jawo hular gaban madubin ko ka kare da hannu.

Ga abin da zan iya ce maka, kuma ka riƙe shi da sharuɗɗansa. Zuwa mita 100, madubi mai araha na ƙwarai, mai gilashin gaba 60 zuwa 65, zai yi maka kusan kullum. A mita 200, galibi zai yi in da safe ne, a farar takarda, da babban harsashi. Da ƙaramin harsashi a cikin baƙi kuwa, wata rana ka gani, wata rana ka yi ta zato. A mita 300 ba na yi wa kowa alkawari. Gilashin gaba mai milimita 80 yana taimakawa, irin gilashin da ake rubuta wa ED shi ma yana taimakawa domin yana rage jirwayen shuɗi da ja da ke lulluɓe gefen abu, amma ba ɗayansu da ke kwantar da kawalwalniya. Ido ma ya bambanta: abin da ɗan shekara 20 ya gani, ni sai na ƙura. Har madubi biyu masu suna ɗaya daga kamfani ɗaya kan bambanta, musamman a masu arahar.

Kada ka karaya, ɗana. Akwai magungunan da suka fi sabon madubi sauƙi. Ka zo fili da sassafe, ka gama harbin nesa kafin ƙarfe 9. Ka yi amfani da farar takarda mai ɗan ƙaramin ɗigo a tsakiya maimakon babban baƙi. Akwai allon da ake sayarwa wanda in harsashi ya huda shi sai zobe mai haske ya fito a kewayen hudar, yana da daraja a nesa. In ka yi waɗannan ukun, madubinka na talaka zai kai ka inda ba ka zata ba.

Ni a mita 10 nake harbi da bindigar iska. Wanne zan saya?

Mafi ƙanƙanta. Ninki 20 ya ishe ka har ya yi yawa. Abin da za ka duba kawai shi ne yana iya daidaita gani a kusa haka.

Mu masu baka fa?

A mita 18 zuwa 30, madubin ido biyu mai lamba 8x42 ko 10x42 ya wadatar. A mita 70, nisan gasar Olamfik, inda faɗin allon yake santimita 122, za ka so madubin ƙafa-uku don ka bambanta kibiyarka da ta abokin layinka.

Miƙaƙƙe ko mai lanƙwasa?

Mai lanƙwasa, na digiri 45. Kana kwance sai ka juya kai kawai, kuma dogo da gajere duk za su leƙa ba tare da an taɓa ƙafafun ba. Ka tabbatar jikinsa na juyawa a cikin zobensa.

Ina sa tabarau. Akwai matsala?

A filin harbi kowa ma ya kamata ya sa tabarau na kariya. Ka nemi wanda tazarar ido daga gilashin baya ta kai milimita 15 ko fiye, kuma ka gwada da tabaranka a fuska, a ninki mafi girma, domin a can tazarar ke raguwa.

Faɗa mini suna kawai, Baba.

Celestron na da Ultima 80, mai 20-60x80. Vortex na da Diamondback HD, 16-48x65 da 20-60x85, ya ɗan fi tsada. Kowa na Japan, Swarovski na Ostiriya, Zeiss da Leica na Jamus su ne manya, ba na mai neman araha ba ne. Farashi kuwa dala yake bi, ka tambaya ranar da za ka saya. Amma suna a kwali ba ya hana jabu. Yin oda ta intanet ba tare da sharaɗin mayarwa ba sayen kifi ne a ruwa, kuma bai kamata a koya wa Bakabe wannan ba.

Yaya zan gwada shi kafin in biya?

Ka fita da shi waje, kada ka yarda da gwaji a cikin shago. Ka sa yaro ya riƙe jarida a taku 50, ka karanta ƙananan rubutu a ninki 20, sannan 40, sannan ƙarshe, ka lura da inda rubutun ya fara narkewa: nan ne ainihin ƙarfin madubin. Ka auna gefen hasumiyar masallaci ko turken wuta inda ya haɗu da sararin sama, ka ga yawan jirwayen launi. Ka janye shi daga ido kamar kamu ɗaya ka dubi ɗigon hasken da ke gilashin baya, ya zama da'ira cikakkiya, ba mai dusassun kusurwoyi ba. In na hannu ne, ka haska tocilan waya ta gaba ka nemi fumfuna, tana kama da saƙar gizo a cikin gilashi. In ka gan ta, ka mayar masa da kayansa. Ka murza abin daidaita gani daga farko zuwa ƙarshe, kada ya yi sako-sako, kada ya cije.

Da me zan goge shi?

Ba da bakin riga ba, ba da rawani ba, ba da yawu ba! Ƙurar hunturu yashi ce, in ka murza ta a gilashi ka kankare rufin da ka biya kuɗi dominsa. Ka fara hure ta da ɗan famfon roba, ka share da buroshi mai laushi, sannan ƙyallen tabarau. Kada ka bar shi a mota da rana. Da damina ka jefa ƙullin nan mai shanye danshi, irin na kwalin takalmi, a cikin jakarsa.

Zan iya duban jinjirin wata da shi?

Za ka iya, amma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Daƙiƙa ɗaya da rana a cikin madubi ta isa ta lalata ido har abada, don haka ka nisanta shi da yara. In ka ga wata, ka kai wa hakimi ko alƙali shaida. Sanarwa ta Sarkin Musulmi ce.

In jami'an tsaro suka tare ni da shi a hanya fa?

Madubi ba makami ba ne, amma ka san zamanin da muke ciki, kuma suna da dalilin tambaya. Ka riƙe rasit da katin shaidarka da takardar filin da kake atisaye. Ka faɗa kafin a buɗe jaka. Kada ka kafa shi kana duban bariki ko shingen bincike, kada kuma in ji an ce ka hau soro kana leƙen gidajen mutane. Wanda ya yi haka kada ya ƙara zuwa layina.

Baba, ko za ka ara mini naka na mako guda?

A'a. Ka zo fili ranar Asabar da ƙarfe 7 na safe, ka leƙa nawa, ka leƙa na sauran, ka zo da jarida.