Sola ba ta sa ɗumama ɗaki ya zama kyauta

An daɗe ana cewa in ka sa sola a gidan ƙauye inda layin wuta bai kai ba shikenan, har hita ma ka kunna da hunturu ba ko sisi tunda rana ba sayenta ake ba. Ranar kam kyauta ce, amma ajiye wutar a batir nan tsadar take, kuma sanyi da dare yake.

Batir mai 12V 200Ah wajen wat-awa 2,400 yake ɗauka (wat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka ajiye ko aka sha), kuma irin mai ruwan nan rabi kawai ake so a sha in ana son ya yi ƙarko. Hita mai wat 1,500 ko awa ɗaya ba za ta cika ba ta cinye rabin, alhali ƙwan LED biyar masu wat 10 sai su kwana su wuni a kansa.

Kowa na iya gwadawa, duba bayan kayan wutarka akwai wat a rubuce, ka ninka da awannin da za ka kunna, abin da ya fito shi ne wat-awa da za su sha a batir.

Gawayi ya fi araha gaskiya, amma don Allah kar a rufe ɗaki da shi a kwanta, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. Bargo mai kauri ya fi aminci.

Ku tura wa 'yan uwa masu shirin sayen sola.