Nisan Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Kano da Jidda

Tafiyar jirgin sama daga Kano zuwa Jidda ita ce doguwar tafiyar da mutanen karkarar Kano da Jigawa suka fi sani, domin ta nan alhazai da masu Umara da yawa suke isa ƙasa mai tsarki. Idan aka auna a miƙe daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, nisan ya kai kimanin kilomita 3,400. Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa guda, saboda haka jirgin da bai yada zango ba yakan shafe awa huɗu da rabi zuwa biyar, har da lokacin tashi da na sauka.

Miƙaƙƙiyar hanyar tana bi ta sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Sai dai jirgi ba ya bin ta a kowane lokaci. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya sa an rufe sararin samaniyar ƙasar, jiragen alhazan Nijeriya suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙara ƙonewa, kuɗin jigila ma ya hau. Abin takaici ne, domin manomin da ya sayar da bijimai da buhunan riɗi ya biya kuɗin kujera shi ya fi jin nauyin irin wannan ƙari.

Bambancin agogo yakan rikitar da sababbin matafiya. Saudiyya tana gaban Nijeriya da awa biyu. Jirgin da ya tashi daga Kano da ƙarfe goma na dare, ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai sauka da ƙarfe huɗu da rabi na asuba a agogon Jidda, alhali a Rano ko Gumel ƙarfe biyu da rabi ne na dare, iyalan matafiyan suna barci. A dawowa kuwa lissafin juyewa yake yi, sai tafiyar ta zama kamar ta awa biyu da rabi zuwa uku ce kacal ga wanda ya dubi lokutan da ke kan tikiti.

Kafin zuwan jirgi, wanda ya fara sauka a Kano a 1925, mahajjata da ƙafa suke ratsa Borno da Wadai da Darfur har gaɓar teku a Sawakin, tafiyar da kan ci shekaru, kuma da yawansu sun zauna a Sudan ba su dawo ba. A yau maniyyacin ƙauye ya fi ɓata lokaci a ƙasa fiye da a sama: akwai tafiyar mota zuwa sansanin alhazai, da jiran kiran jirgi, da awon kaya, sannan ga binciken takardu bayan sauka. Alhazan Jigawa sun samu sauƙi tun da aka buɗe filin jirgin sama na Dutse, inda ake kwasar su kai tsaye ba tare da sun je Kano ba.