Magidanci, kafin ka rubuta takarda da bayan ka rubuta ta

Mu da ke aikin lafiya da walwalar iyali a Zariya, ba a cika kiranmu ranar da aure ya mutu ba. Sai bayan wata biyu ko uku abin yake iso mu: yaro ya rame, mai ciki ta daina zuwa awo, maigida kuma jininsa ya hau. Yawancin wannan ɓarna daga yadda aka yi sakin take fitowa, kuma kusan duk a hannun namiji take. Shi ya sa muke magana da ku, 'yan'uwa maza.

Babban kuskure shi ne saki uku a dunƙule cikin fushi. Saki na sunna ɗaya ne, a cikin tsarkin da ba ka kusance ta ba. Wanda ya yi haka yana da damar kome muddin idda ba ta cika ba, ba sabon sadaki, ba sabon ɗaurin aure. Wanda ya furta uku a baki ɗaya kuwa, a mazhabar Malikiyya ukun sun auku, kuma ba ta halatta gare shi sai ta auri wani, aure na gaskiya. Daga nan ne ake fara yawon neman malamin da zai ce ɗaya ne, ko a faɗa auren kisan wuta. Saki cikin haila haramun ne, amma yana aukuwa, kuma ana tilasta miji ya mai da ita. Kada ka ɗauka saƙon waya ko na WhatsApp wasa ne. Rubutu ne, kuma a gaban alƙali zai zama hujja a kanka. In har ka yanke shawara, ka rubuta kwanan wata da adadin sakin a sarari, ka sa shaidu biyu, ka ajiye kwafi.

Sai kora. "Tattara ki tafi gidanku" ta zame mana al'ada, alhali ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana fitar da mace daga ɗakinta a cikin idda. A saki ɗaya ko biyu, ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna kanka, kuma in ɗayanku ya rasu a cikin iddar, ɗayan zai gaje shi. A saki uku ma wurin zama yana kanka, in tana da ciki har da ciyarwa.

Maza da yawa sun ɗauka idda wata uku ce ga kowa. Ba haka ba ne. Mai ganin al'ada tsarki uku take ƙirgawa, wadda ta daina gani wata uku, mai ciki kuwa sai ta haihu. Mai shayarwa da al'adarta ba ta dawo ba tana iya daɗewa fiye da yadda ka lissafa. Ta fuskar lafiya, wannan ne lokacin da ƙaramin ciki yake bayyana. Gwajin fitsari a asibitin unguwa yana nuna shi da zarar al'ada ta yi jinkiri, kuma kuɗinsa kaɗan ne. A yi shi tun tana ɗakinta, don gardamar "ba nawa ba ne" tana tasowa ne idan an kori mace, sai bayan wata huɗu labarin ciki ya iso. In akwai cikin, kuɗin awo, maganin ƙarin jini da kuɗin haihuwa naka ne.

Inda muka fi ganin illa shi ne kan yara. Uba ya ƙwace jariri don ya ƙuntata wa uwar, ya kai wa mahaifiyarsa ko uwargida. Jaririn da bai kai wata 6 ba nono zalla yake buƙata, ko ruwa ba a ba shi. In aka cire shi rana ɗaya aka koma kunu ko madara a bulumboti marar tsafta, gudawa ce ke biyo baya, daga ita sai tamowa. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa ta shekara 2, ya kuma ɗora wa uba ciyar da mai shayarwar da tufatar da ita. Katin rigakafi ma yana salwanta a wajen kwasar kaya, sai a tsallake allurar sati 6, 10 da 14, ko ta ƙyanda ta wata 9. Yaro mai sikila ko farfaɗiya ya fi shiga haɗari, domin uwar ce ta san maganinsa da ranar komawarsa asibiti. A Malikiyya uwa ce ke da haƙƙin riƙo, ɗa namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. In uwar ta auri bare, riƙon yana komawa ga kakarsu ta wajen uwa. Kai naka shi ne abinci, magani, sutura da makaranta. Ku tsai da adadi a gaban waliyyai, ka riƙa turawa ta banki a rana ɗaya kowane wata don ya zama akwai shaida. Kuma kada ka mai da yaro ɗan aike ko ɗan leƙen asiri, kada ka zagi uwarsa a gabansa. Fitsarin kwance da ya dawo wa yaron da ya daina, ko faɗuwa a makaranta, sau da yawa daga nan suke.

Sadaki da kayan ɗaki nata ne, ba a riƙe su. Gallaza mata don ta gaji ta nemi hul'i ta mayar maka da sadaki shi ma Suratun Nisa'i ta hana, kuma in ta tabbatar da cutarwa a kotun shari'a, alƙali na iya raba auren ba tare da ta biya komai ba. Sammaci in ya zo ka je. Ƙin zuwa ba ya tsai da shari'a. Sirrinta kuma ba na majalisa ba ne, balle Facebook.

Saura jikinka. Namiji yakan ce ba komai, amma barci ya ƙaurace, kai na sarawa. Ka auna jini. In ya kai 140/90 a awo biyu na ranaku daban, ka ga likita. Kada ka nemi barci da Tramadol, kodin ko ƙwayar kemis, kada kuma ka hau titin Kaduna ko Kano da mota bayan ka kwana ido biyu. Baƙin ciki da rashin son komai da suka wuce sati 2, ko tunanin gara mutuwa, ciwo ne mai magani: akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Auren huce haushi a dakata da shi. Wanda ya saki ta huɗu saki na kome ba zai ɗaura wani ba sai iddarta ta cika. Lokacin da ka shirya, kai da wadda za ka aura ku yi gwajin ƙanjamau, na ciwon hanta da na rukunin jinin sikila kafin a sa rana.