Wa'adin jira: ƙa'idar da ke tsakanin mai farfaɗiya da lasisin tuƙi

Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan hankalin direba ya gushe na daƙiƙa goma kacal, motar ta yi tafiyar mita 280 ke nan babu mai sarrafa ta, wataƙila ma ƙafarsa na danne da totur. Wannan lissafi ne ya sa ƙasashe suka kafa dokoki kan mai farfaɗiya da tuƙi. Amma yawancinsu a yau ba sa cewa kada ya sake taɓa sitiyari har abada. Cewa suke ya dakata tukuna, ya cika wani adadin watanni ko shekaru ciwon bai buge shi ba, sannan a mayar masa da lasisinsa. Wannan dakatawa ita ce wa'adin jira, kuma a kanta sauran ƙa'idojin suka rataya.

Ana fara ƙirga wa'adin ne daga ranar bugu na ƙarshe. Ba daga ranar da likita ya gano ciwon ba, ba kuma daga ranar da aka fara shan magani ba. Idan doka ta ce wata 12, mutum ya yi wata 11 lafiya ƙalau sannan ciwon ya taso, to ƙidaya ta koma farko.

Da yawanmu in an ce farfaɗiya, abin da ke zo mana a rai shi ne mutum ya yanke jiki ya faɗi, yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. Wannan nau'i ɗaya ne kawai. Akwai wanda zai ƙura ido wuri guda na 'yan daƙiƙoƙi, a yi masa magana bai ji ba, ya dawo ya ci gaba da zancensa bai san an yi komai ba. Akwai wanda zai riƙa tauna baki ko wasa da rigarsa alhali hankalinsa ba ya jikinsa. Wani kuma hannunsa ne zai fizge farat ɗaya. Dukkansu daga hargitsewar saƙonnin lantarki na ƙwaƙwalwa suke, kuma a wajen masu ba da lasisi dukkansu bugu ne. A kan titi ma wanda ba ya faɗuwa ɗin ya fi ban tsoro, domin shi da iyalinsa kan ɗauka ba komai ba ne.

Tsarin Birtaniya ya fi sauƙin kafa misali da shi, saboda a rubuce yake dalla-dalla. Hukumar DVLA da ke birnin Swansea ita ke kula da lasisi a Ingila da Scotland da Wales, kuma ta kasa direbobi kashi biyu. Kashi na farko masu ƙananan motoci da babura, na biyu masu manyan motocin kaya da bas. Mai ƙaramar mota da aka tabbatar yana da farfaɗiya sai ya yi shekara 1 cur babu bugu, ko yana shan magani ko ba ya sha. Direban tirela ko bas kuwa sai ya yi shekara 10 babu bugu, kuma ba tare da shan maganin farfaɗiya ba a duk tsawon lokacin. A aikace wannan na nufin yawancin direbobin manyan motoci da ciwon ya kama sun yi bankwana da sana'ar. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2009 ma haka ta tsara: shekara 1 da shekara 10. 'Yan uwanmu da ke neman abinci da tasi a can su lura, ƙananan hukumomi da yawa, har da hukumar sufurin Landan, da ma'aunin manyan motoci suke auna direban tasi, duk da cewa ƙaramar mota yake ja.

Bugu ɗaya tilo kuma hukuncinsa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 10 na iya samun bugu sau ɗaya a rayuwarsa, kuma wannan bai mayar da shi mai farfaɗiya ba. Galibi ba a cewa farfaɗiya ce sai an samu bugu biyu ko fiye, waɗanda ba wani abu na lokacin ne ya jawo su ba. Don haka wanda abin ya same shi sau ɗaya, aka bincika ba a ga wata matsala a ƙwaƙwalwarsa da za ta sa ya maimaitu ba, wata 6 zai jira a ƙaramar mota, shekara 5 a babba.

Waɗannan alƙaluma ba daga sama aka tsinto su ba. Likitocin da ke ba hukumar shawara tambaya ɗaya suke yi: mene ne yiwuwar ciwon ya sake bugun wannan mutumin a cikin shekara mai zuwa? Ga mai ƙaramar mota, sun yarda idan yiwuwar ta sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Ga mai babbar mota sai ta sauko ƙasa da kashi 2 cikin 100. Kashi 20 ɗin na iya yi wa mai karatu yawa, amma a tuna mai motar gida ɗan lokaci kaɗan yake yi a kan titi a rana, saboda haka ko bugun ya zo, ya fi yiwuwa ya same shi a gida ko wurin aiki ko a kan gado. Direban tirela kuwa a kan sitiyari yake wuni, abin da yake ja na da nauyin tan da yawa, direban bas kuma rayukan mutane da dama ne a bayansa. Abu na biyu da lissafin ya dogara a kai shi ne, haɗarin sake bugu ya fi yawa a watannin farko, yana kuma raguwa gwargwadon daɗewar mutum lafiya. Wa'adin jira dai lokaci ne da ake ba haɗarin ya sauko zuwa inda al'umma ta yarda za ta iya ɗauka. Babu wanda ya ce haɗarin ya ƙare baki ɗaya. Ai saurayi mai shekara 19 da ya samu lasisi jiya shi ma haɗari ne, ana kuma barinsa ya yi tuƙi.

Da zarar an gane wannan, sauran rassan dokar ba su da wuyar fahimta. Wanda ciwon bai taɓa bugunsa ba sai yana barci, idan aka yi shekara 1 a kan haka ana iya ba shi lasisi ko da bugun bai daina ba, tunda ba a tuƙi a cikin barci. Idan kuwa ya taɓa samun bugu ido biyu, sai an ga shekara 3 na bugun barci zalla. Wanda kuma bugunsa ba ya taɓa hankalinsa kuma ba ya hana shi sarrafa gaɓoɓinsa, shi ma ana iya ba shi lasisi bayan shekara 1 a kan haka. Wanda likita ya yanke shawarar janye masa magani ana ba shi shawarar ya ajiye mota a lokacin janyewar da wata 6 bayan ƙwayar ƙarshe. Idan canjin maganin da likita ya yi ne ya jawo bugu, aka mayar da shi kan tsohon maganinsa, wata 6 ya isa. Amma wanda ya manta da shan maganinsa da kansa ba shi da wannan rangwame, haka wanda ya ce rashin barci ne ya jawo. Lasisin da ake bayarwa da farko ma na ɗan lokaci ne, ana sake duba shi, sai mutum ya yi shekara 5 lafiya kafin a ba shi na dogon zango.

A Birtaniya nauyin sanar da hukuma yana kan direban ne. Wanda ya ɓoye ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000, a gurfanar da shi in ya yi haɗari, kamfanin inshora kuma na iya juya masa baya. Likita ba ya gaggawar kai rahoto, sai in ya yi ta jan kunne majinyacin ya ƙi ji, sannan ƙa'idar aikinsa ta ba shi damar sanar da DVLA. A Amurka kowace jiha da nata wa'adin, galibi tsakanin wata 3 zuwa 12, kuma 'yan jihohi kaɗan, irin su California da Pennsylvania, sun wajabta wa likita ya kai rahoto da kansa. Likitocin ƙwaƙwalwa da yawa ba sa son wannan tilas, kuma ina ganin da gaskiyarsu. Majinyacin da ya san duk abin da ya faɗa zai ƙare a ofishin lasisi, cewa zai yi "lafiya lau, likita" ko da jiya ya faɗi. Likita ba zai gyara magani ba, bugun zai ci gaba, motar kuma tana kan titi.

Japan ta ɗanɗana ɓangarorin biyu. Daga 1960 dokarta ta haramta wa mai farfaɗiya lasisi kwata-kwata, sai a 2002 aka sassauta, aka koma tsarin wa'adi na shekara 2. A watan Afrilun 2011, a garin Kanuma, wata motar ɗaga kaya ta afka cikin yaran firamare da ke kan hanyar makaranta, ta kashe 6. Direban yana da farfaɗiya, ya ɓoye ta lokacin neman lasisi, kuma bai sha maganinsa yadda ya kamata ba. Shekara guda bayan haka aka sake yin makamancinsa a unguwar Gion ta birnin Kyoto, mutum 8 suka mutu har da direban. Jama'a sun fusata, amma majalisa ba ta koma ga tsohon haramcin ba. A 2014 aka fara aiki da dokokin da suka mayar da yin ƙarya game da ciwo a takardar neman lasisi laifi, aka kuma tanadi ɗaurin da ya kai shekara 15 ga wanda ya san yana da ciwon da zai iya gusar masa da hankali, ya yi tuƙi ya kashe rai. Wato ɓoyewar aka hukunta, ciwon kansa bai zama laifi ba.

A nan gida matsalar ta fi gaban rubutacciyar doka. A Najeriya lasisi na bi ta hannun Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da jami'an duba motoci da hukumar tara haraji ta jiha, ana kuma neman shaidar lafiya daga mai son tuƙa motar haya. Sai dai farfaɗiya ba ciwon da ake gani a fuska ba ne. Tsakanin bugu da bugu mutum garau yake, har gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa sau da yawa ba ya nuna komai. In bai faɗa da bakinsa ba, takardar asibiti za ta fito fes. Wa zai faɗa kuwa, a inda ake cewa iska ce ta taɓa shi, ake gudun yawunsa a kan ana ɗauka, ake fasa aure saboda ita? Farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko ta cin abinci tare. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai wahalar haihuwa, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, da shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai. Na ƙarshen nan ya shafi masu tuƙi kai tsaye: ɗan acaɓan da ya faɗi ba hular kwano ya bugu a ka na iya fara samun bugu bayan watanni ko shekaru, lokacin ya riga ya koma kan babur ɗinsa.

Sannan ga batun abinci. A Birtaniya wanda aka hana lasisi saboda lafiya yana da damar samun katin hawa bas kyauta. Ɗan adaidaita sahu a Kano da zai kai balas kullum da yamma, in aka ce ya ajiye shekara guda, an ce ya ajiye tukunyar gidansa ke nan. Wannan gaskiya ce, amma ba ta canza lissafin mita 28 a daƙiƙa ba. Abin da zai sa wa'adin ya yiwu shi ne dangi da shugabannin tasha su sama wa mutum wani aikin na wucin gadi, kamasho ko karɓar kuɗi ko tsaron shago, maimakon a rufa masa asiri ya ci gaba da ɗaukar fasinja.

Jiran kuma ba na banza ba ne, muddin ana shan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma har kashi 70 cikin 100 na iya rabuwa da bugu in an gano ciwon an ba su maganin da ya dace. Magunguna irin su phenobarbital da carbamazepine da valproate sun daɗe a asibitocinmu. Inda ake samun cikas shi ne mutum ya ga ya yi wata uku lafiya ya ce ya warke ya daina sha, ko kuɗi su yanke ya tsallake mako guda. Tsallake magani da rashin barci na cikin manyan abubuwan da ke tayar da bugu, ga shi kuma tafiyar dare ita ce rayuwar direban doguwar hanya. Tramadol da wasu ke sha don su jure gajiya shi kansa yana jawo jijjiga, har ga wanda bai taɓa yin farfaɗiya ba. Watan azumi ma yana haɗa canjin lokacin shan magani da ƙarancin barci wuri guda, don haka mai farfaɗiya da ke tuƙi ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa yadda zai sha tsakanin buɗa-baki da sahur, ko a gaya masa in nasa maganin ba ya karɓar wannan canji.