Mandiyawa: mutanen da ibadarsu ba ta yiwuwa sai a bakin kogi

Su wane ne Mandiyawa?

Ƙaramar al'umma ce da ta shafe ƙarnoni a gaɓar kogunan Dijla da Furat a Iraƙi, da kogin Karun a yankin Ahwaz na Iran. Larabawa maƙwabtansu suna kiran su Sabi'a. Mai zuwa tafsiri ya san kalmar, don ta zo a Baƙara aya ta 62, Ma'ida aya ta 69 da Hajji aya ta 17. Malamai sun yi saɓani kan waɗanda ayoyin ke nufi, amma da wannan sunan Mandiyawa suka rayu ƙarƙashin daulolin Musulunci. Sun yi fice a ƙirar zinariya da azurfa.

Da me suka yi imani?

A harshensu "manda" na nufin sani. Ubangiji ɗaya suke bauta wa, suna kiran sa Hayyi Rabbi, wato Rai Mai Girma. A wurinsu ruhin ɗan Adam baƙo ne a nan: daga duniyar haske ya fito, kuma sanin asalinsa ne zai mayar da shi gida. Shi ya sa masana ke lissafa addinin cikin tsofaffin addinan Nostik, wato masu ganin sani ne hanyar tsira. Suna girmama Adamu da Shisu da Nuhu, amma babban malaminsu Annabi Yahaya ne. Littafinsu shi ne Ginza Rabba.

Me ya haɗa su da kogi?

Nan ne zuciyar addinin. Ranar Lahadi sukan sa fararen kaya da ake kira rasta, su shiga ruwa. Malaminsu, tarmida, zai dulmiya mutum sau uku, ya ba shi ruwan ya sha daga tafin hannun malamin, ya ɗora masa ɗan zoben ganyen wani tsiro mai ƙamshi da ake kira as a ka. Sunan wankan masbuta, kuma ana maimaita shi har ƙarshen rayuwa. Sharaɗinsa ruwa mai gudu, wanda suke kira yardna.

Harshensu fa?

Reshe ne na Aramiyanci, tsohon harshe ɗan'uwan Larabci, yana da haruffa 24, ana rubuta shi daga dama zuwa hagu. Tsohon harshen yana raye a bakin malamai wajen ibada. Na hira kuwa, 'yan ɗaruruwa ne suka rage masu jin sa, galibi dattawan biranen Ahwaz da Khorramshahr na Iran.

Ina suke yanzu?

Wannan ce tambayar da ke sosa mini rai. Bayan mamayar Amurka ta 2003, masu garkuwa da mutane da 'yan bindiga suka sa su a gaba, ga shi addininsu ya hana su ɗaukar makami. Mafi yawansu suka bar Iraƙi, suka watsu a Suwidin, Ostareliya da Amurka. Ba a shiga addinin, sai dai a haifi mutum a cikinsa, don haka duk auren da aka yi a waje raguwa ce gare su. A birnin Sidni na Ostareliya, kogin Nepean suke shiga yanzu da fararen kayansu.