Tafiyar yini ɗaya zuwa Yankari a bas: dan Allah ku karanta kafin ku kira ni

Salam jama'a. Tambayoyin nan dai su ne kullum, wani ma sai dare ya raba zai bugo waya ya tambayi abin da na riga na faɗa tun da rana, toh ga su na tara wuri ɗaya.

Ƙarfe nawa bas zai tashi?

Shida na safe, daga cikin garin Bauchi. Shida fa, ba "ga ni nan a hanya" ba. Wanda ya makara sai ya biyo mu a motar haya da kuɗinsa.

Zan iya zuwa da abincina?

Zo da shi, amma a cikin kula mai murfi, kuma a bar ta cikin bas a rufe tagogi. Hajiya ke nake nufi, mai riƙe leda a hannu. Gwaggon birin sansanin Wikki, masaukin baƙi a cikin dajin Yankari, ba ya tsoron mutum ko kaɗan, ya san leda ya san abin da ake sawa a ciki, zai zauna can gefe yana sosa ciki kamar ba ruwansa da ke, kina juya kai ki amsa waya ya fizge ya haye rufin ɗaki, ya yage ledar yana cin cincin ɗinki yana kallonki. In ya ƙwace ya ƙwace, kar a bi shi, kar a ba yaro biskit ya riƙe, kuma kar wanda ya ce zai ba su abinci don ya ɗauki hoto.

Akwai nisa ne?

Kimanin kilomita 110 daga Bauchi har Wikki. Titin Gombe za mu bi, a Dindima mu karya kwana, mu kai get a Mainamaji. Get ɗin ba shi ne ƙarshen tafiya ba, akwai sauran wajen kilomita 40 cikin daji kafin Wikki, saboda haka kar a fara tattara jaka.

Ina za a tsaya cin abinci?

Wajen masu masa a Wunti kafin mu fita gari, a saya da zafinta, mai son miya ya sa miya mai son ƙuli da yaji ya sa, a ci a mota. Minti ashirin ne. Da rana kowa ya ci abin da ya zo da shi ko ya shiga gidan abincin sansanin. A dawowa in mun shigo gari da sauran haske sai a tsaya wajen mai balangu.

Zaki fa? Ba zai cinye mu ba?

Haba Malam. Tun 1962 aka buɗe wurin nan ga masu ziyara, yaran makaranta ma zuwa suke. Zakunan da suka rage kaɗan ne, akasarin masu zuwa ko wutsiyarsu ba sa gani. Kwantar da hankalinka, ka dai zauna cikin mota in jagora bai ce a sauka ba.

Yini ɗaya zai isa mu ga giwa, mu yi wanka a maɓuɓɓugar ruwan Wikki, mu dawo kafin dare?

Toh wannan ita ce tambayar da ba ni da amsarta guda ɗaya. Wanka kam tabbas ne in Allah Ya kai mu. Dawowa kafin dare ma a hannunmu take in kun ji magana. Giwa ce ba a hannun kowa take ba, dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, ba gidan zu ba ne da za a ce je ka keji na uku. Namun daji da sanyin safiya da bayan la'asar suke fitowa, mu kuma in mun tashi shida za mu isa wajen takwas da rabi ko tara, ya danganta da hanya da tsawon lokacin da aka ɓata a get ana lissafin kuɗin shiga, watau mafi kyawun lokacin safe ya ɗan kuɓuce mana ke nan. Kuma bas ɗinmu ba ya shiga zagayen daji, motocin wurin ake hawa da jagoransu, in mun tarar da wata tawaga gabanmu sai mun jira. In muka ce a bari sai zagayen yamma, eh an fi ganin abubuwa, amma za mu fito daji da magariba mu yi hanya cikin duhu, ni kuma ba na ɗaukar mata da yara in yi tafiyar dare, direba ma ba zai yarda ba. Sai kuma maganar lokacin shekara, da rani, musamman Fabrairu zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe ruwa ya janye ko'ina sai kogin Gaji, dole dabbobi su gangaro can, to nan akwai sa rai sosai. Da damina daji ya rufe, giwa na iya zama kusa da kai ba ka gan ta ba. Gwambaza da mazo da gadu ana yawan ganinsu, ɓauna da dorina wani lokaci, giwa kuwa wasu su dace wasu su dawo da hoton kashinta a kan hanya. Wanda giwar ce kaɗai ta kawo shi gara ya kama ɗaki ya kwana ya fita da sassafe, shi ma ban ce lallai ba.

Ruwan Wikki yana ƙona jiki?

A'a. Ɗumi ne kawai, digiri 31, haka yake rani da damina, garau har kana ganin yashin ƙasa. Wajen da yake ɓuɓɓugowa ƙarƙashin dutse akwai zurfi, wanda bai iya ruwa ba ya tsaya ta ƙasa inda bai kai ƙirji ba. Iyaye, ni ba mai reno ba ne, kowa ya sa ido kan ɗansa. Kuma akwai matakala masu yawa kafin a sauka, Baba da Inna masu ciwon gwiwa a bi da su a hankali.

Wane kaya zan sa?

Mai dogon hannu saboda tsando, da takalmi rufaffe. Ba biki za mu ba.

Za a biya kabarin Tafawa Balewa?

Yana cikin garin Bauchi, da asuba ba a buɗe ba, sai dai in mun dawo da wuri. Ban yi alkawari ba. Kogunan dutse na Marshall da ke cikin dajin Yankari ma haka, in jagora ya ce akwai lokaci shi ke nan.

Akwai sabis a can?

Yana zuwa yana ɗaukewa. Riƙo tsabar kuɗi kar ka dogara da taransifa, ka zo da fawa bank, soket ɗin bas na direba ne.

In na fasa za a mayar min da kuɗina?

In ka faɗa kwana uku kafin tafiya, eh. Ranar tafiya kuwa an riga an biya mota an sha mai, sai dai ka turo wani ya zauna a kujerarka.